Wasiƙa daga Tawa: kada Inna ta dangwala yatsa a kowace takarda

Tawa, tsakiyar hunturu

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da mutanen masaukinku duka. Yaya Abijan, yaya kasuwa? Mu nan sai godiya. Buji ya rufe gari kwana huɗu ke nan, da safe ko bakin titi ba ka hangowa, sanyi kuma ya sa 'yan fadarmu sun koma ɗora shayi tun bayan la'asar.

Saƙon muryarka a kan turakun da aka kafa a gonar Inna ya iso ni daren Juma'a, na saurare shi sau uku. Ran Lahadi da aka tashi kasuwa na bi motar 'yan ƙauyenku na je na ga Inna. Tana lafiya, ƙafar ce kawai ke damunta in sanyi ya yi yawa. Ƙaninka ya kai ni gonar, na ga turakun da idona. Guda shida ne, an shafa musu jan fenti, sun ratsa ta gefen gabas sun cinye wajen da ake shuka wake. Na tambayi Inna wa ya kafa su, ta ce wasu mutane ne suka zo da mota. Na ce sun ba ta takarda? Ta ce a'a, cewa suka yi za su dawo a sa hannu. Na roƙe ta, na kuma roƙi Kawu a gabanta, kada kowa ya dangwala yatsa a kan komi sai an karanta musu shi da Hausa, an kuma bar musu kwafi. Don Allah kai ma ka kira ta ka maimaita mata, maganarka ta fi tawa nauyi a wurinta.

A ƙarshen saƙon ka tambaye ni wai karatun nan da nake yi a jami'a, me zai tsinana wa mutum irin Inna. Ban ji haushi ba, don ni ma na yi wa kaina tambayar. Bari in ba ka amsa a tsanake.

A shekarar nan ta biyu muna da darasi guda da ya fi kowane cin lokacina, shi ne dokar gudanar da mulki. Ba ruwansa da ɓarawo ko rikicin gado. Abin da yake bincike shi ne: mutumin da ke zaune a biro da hatimi a hannunsa, wa ya ba shi ikon buga hatimin, ina iyakar ikon, kuma in ya ƙetare iyakar wa za a kai wa ƙara. Ran farko mushen namu, wato malamin darasin, ya ce mu manta da tunanin cewa gwamnati na yin abin da ta ga dama. Ni da kai duk abin da doka ba ta hana mu ba muna iya yi. Minista, gwamna, perfe da magajin gari su kuwa sai abin da wata doka ta ba su izini. Na fita aji ina juya maganar nan, don ni dai tun tasowata akasin haka na sani.

Tsarin daga Faransa muka gaje shi, kuma su ma ba da sauƙi suka same shi ba. A 1790, bayan juyin juya halinsu, doka suka yi ta hana alƙalai taɓa aikin hukuma. Wanda ma'aikaci ya zalunta sai ya kai kukansa wurin minista, wato wurin uban gidan wanda ya zalunce shi. Sai a 1872 majalisar da suke kira Konsai Deta, mai jin ƙarar da ake kai hukuma, ta sami ikon yanke hukunci da kanta ba tare da jiran sa hannun shugaban ƙasa ba. Shekara guda bayan haka aka yi shari'ar da kowane ɗalibi ke haddacewa, ta wata yarinya 'yar shekara 5 mai suna Anyes Blanko, wadda keken ɗaukar kaya na masana'antar taba ta gwamnati ya take a birnin Bordo har aka yanke mata ƙafa. Hukuncin 1873 ya ce ita ma gwamnati ana iya bin ta diyya in aikinta ya cutar da mutum, amma da ƙa'idoji na musamman, a gaban alƙali na musamman. Daga ƙafar yarinyar nan aka gina fannin gaba ɗaya.

Amma wadda ta hana ni barci wata ce daban, kuma da na faɗa za ka san dalili. A birnin Faris an yi wata mata da mijinta ya rasu, sunanta Trompiye-Graviye, tana da ɗan shagon sayar da jaridu a bakin titi da izinin hukuma. Aka zarge ta da neman tatsar kuɗi daga mai kula mata da shagon, aka janye izinin, ba wanda ya kira ta ya ji ta bakinta. Ta kai ƙara. A watan Mayu na 1944, birnin na hannun sojan Jamus, kotun ta soke matakin. Ba ta ma shiga batun ko matar ta yi laifin ko ba ta yi ba. Ta ce hukunci mai nauyi irin wannan ba ya halatta sai an faɗa wa mutum abin da ake tuhumarsa da shi, an ba shi dama ya kare kansa.

Aminina, da mushe ke karanta wannan, teburin Baba nake gani, Allah Ya jiƙansa. Na tuna safiyar da muka zo muka tarar an kwashe shi, an ce wurin an ba wani, bayan shekara da shekaru yana biyan kuɗin wuri, rasit ɗinsa cike da gwangwanin madara. Na tuna yadda ya tsaya ya ce Allah Ya isa, ya juya. Ba wanda ya tambaye shi komi, shi ma bai tambayi kowa ba. A shekarar ka bar lakwal, shekara ta zagayo ka hau mota. Ba zan ce maka da ya kai ƙara da ya ci ba. Abin da ke ci mini rai shi ne akwai ƙofa, kuma a cikinmu duka, har da malaman lakwal da ke unguwar, ba wanda ya nuna masa ita.

Ƙofar sunanta ƙarar wuce iyakar iko. Ni a kayena na rubuta ta ƙarar wuce gona da iri. Ba mutumin kake ƙara ba, takardar da ya sa wa hannu kake ƙara, kana neman alƙali ya soke ta ta zama kamar ba a taɓa yin ta ba. Alƙali zai duba ko wanda ya sa hannun yana da hurumi, ko an bi matakan da doka ta shimfiɗa, ko abin da aka yanke ya saɓa wa wata doka da ke sama da shi. Akwai ta huɗu da ta fi wuyar kamawa, ita ce karkatar da iko: mutum na da hurumi, ya bi tsari tsaf, amma manufarsa daban. Misalin da ake ba mu na 1875 ne. Gwamnatin Faransa ta mai da sana'ar ashana tata ita kaɗai, doka kuwa ta ce a biya masu masana'antu diyya. Don a tsere wa biyan, sai aka sa perfe ya rufe masana'antar wani mutum mai suna Parize da sunan kare lafiyar jama'a. Kotu ta ce ikon kare lafiya an ba da shi ne don lafiya, ba a ba da shi don tsimin baitulmali ba, ta soke. Ka duba sau nawa muka ga an tashi mutum da sunan tsabtar gari ko faɗaɗa hanya, bayan wata shida sai ga ginin wani a wurin.

Akwai kuma wata mata a Faransa, Lamot, da aka ɗauki gonarta aka ba wani. Kotu ta soke, aka sake, ta sake sokewa. A 1943 aka yi doka aka rubuta ƙarara cewa irin wannan mataki ba a ƙararsa. A 1950 kotun ta ce ƙofar nan a buɗe take ga kowane mataki na hukuma, ko da babu dokar da ta ambace ta. Ran nan da na ba Malam na zaure labarin, ya ce mini ai wannan ba baƙon abu ba ne, sarakunan Musulunci na da zaman mazalim, inda talaka ke kawo ƙarar gwamna ko mai karɓar haraji. Ya tuna mini kuma cewa Shehu Usmanu, da aka haifa a Maratta nan kusa da Galmi, zaluncin masu mulki na cikin manyan abubuwan da ya yi wa'azi a kai. Na ji daɗin maganar, don wasu abokan karatuna na ɗaukar abin kamar kayan aro.

Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba. Muna yara aka yi tazarce. Ran 12 ga Yuni 2009 kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifu Fatimata Bazai, ta soke dokar da Shugaba Tanja ya sa wa hannu ta kiran zaɓen raba gardama. Kafin watan ya ƙare aka rushe kotun, ran 4 ga Agusta aka yi zaɓen, ran 18 ga Fabrairu 2010 soja suka karɓi mulki. A aji mun yi musu mai zafi a kai. Wani ya ce ga shi nan, takardar alƙali ba ta tare mai ƙarfi. Ni ban yarda da shi duka ba. Hukuncin bai hana abin faruwa ba, amma daga ranar kowa ya san wane gefe doka take, kuma mai mulkin sai da ya kawar da alƙalan a bainar jama'a kafin ya wuce. Da hukuncin ba komi ba ne, da bai wahalar da kansa ba.

Sannan ga nisa. Tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ya ba Konsai Deta ta Yamai ikon jin irin wannan ƙara, farko da ƙarshe. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aikin ya koma hannun Kotun Ƙasa da aka kafa, ita ma a Yamai. Daga nan fiye da kilomita 500 ne. Ga kuɗin mota, ga lauya, ga komi da Faransanci. Kuma shigar da ƙara ba ya tsayar da aikin hukuma, sai in ka roƙi alƙali musamman ya dakatar kuma ya amince. Wannan ne ya fi ba ni takaici a darasin: an yi ƙofa mai kyau, an kafa ta inda Inna ba ta iya zuwa.

Shi ya sa nake son mu fara tun daga ƙasa, kafin a kai ga kotu. Dokar ƙasar noma ta 1993 ta yarda da mallakar gargajiya daidai da ta takarda, saboda haka kada wani ya ce wa Inna tunda ba ta da takarda gonar ba tata ba ce. Hukumar filaye ta ƙauye, wadda ake kira Kofo, tana ba da shaidar mallakar gargajiya, kuma mai gari ne ke shugabantarta. Na yi magana da Kawu zai samo dattawa biyu da suka san iyakar tun zamanin kakanka, da maƙwabtan gona na kudu da arewa. In kuwa da gaske aikin jama'a ne za a yi, hanya ko lakwal, doka ta 1961 ta ba gwamnati damar karɓar fili, amma sai an tabbatar amfanin jama'a ne, an bi matakai, an biya diyya ta adalci kafin a karɓa. Turaku da jan fenti ba sa cikin matakan da ke raba mutum da gonarsa.

Abin da nake tsoro shi ne wa'adi. A fannin nan lokacin da ake ba mutum gajere ne, kuma yakan fara ƙirguwa daga ranar da aka sanar da kai matakin. In ya wuce, bakin alƙalami ya bushe, ko da gaskiyarka ta kai hasken rana. Don haka duk takardar da aka kawo a rubuta ranar da aka karɓe ta. Duk wadda mu muka kai, a buga mana hatimi a kwafinmu da kwanan wata. Na riga na rubuta takardar neman bayani da sunan Inna, ta tambaya cikin ladabi wane mataki ne aka ɗauka, wa ya sa hannu, bisa wace doka. Na nuna wa wani mushenmu da ya yi aikin lauya, ya gyara mini wuri biyu, ya kuma ce in abin ya yi nisa dole a nemi lauya na gaske, kada in tsaya a kan ilimin ɗan shekara biyu. Na yarda da shi.

Daga wajenka abu biyu nake so. Ka taɓa ce mini takardar rabon gado da aka yi bayan rasuwar Baba tana cikin akwatinka. Ka ɗauki hotonta gaba da baya, inda haske yake, ka turo ta WhatsApp. Sannan ka turo wa ƙaninka jaka goma, kuɗin mota ne da na kwafi da ɗan abin da za a ba dattawan na goro. Kada ka turo fiye da haka, kuma in wani ya kira ka ya ce a ba shi kuɗi zai sa a cire turakun, kada ka ba shi, ka faɗa mini.

Jarrabawa za mu fara bayan sati biyu, amma ran Lahadi mai zuwa zan koma ƙauyen in sha Allahu, zan kira ka daga wayar ƙaninka ku gaisa da Inna. Ta ce in faɗa maka kilishin da ta yi maka alkawari yana hannun ɗan maƙwabcinku da zai taso ƙarshen wata. 'Yan fada duka suna gaishe ka. Ka gaishe mini da mai gidanka da duk Adarawan da ke wurin.

Naka har kullum,
abokinka na Bilbis