Buɗaɗɗiyar Wasiƙar Ƙorafi Zuwa ga Kamfanin da Ya Shirya Mana Tafiyar Tsibirin Tenerife

Zuwa ga Shugaban Kamfani,
Ofishinku na Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan takarda ne domin in gabatar da ƙorafina game da tafiyar hutun da kamfaninku ya shirya mana, ni da uwargidana Hajiya da 'yarmu, zuwa tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya a watan Fabrairun da ya gabata. Abin da ya sa na fitar da ita bainar jama'a shi ne na riga na bi duk hanyar da mutunci ya tanada. Na buga waya, na aiko da saƙo, na kuma taso takanas tun daga ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Maigatari na zo har ofishinku, amma kullum amsar ɗaya ce, wai oga ba ya nan, a yi haƙuri za a duba. Ban ambaci sunan kamfanin a nan ba saboda ina so in bar ƙofar sulhu a buɗe, kuma na tabbata da ku da ma'aikacin da ya karɓi kuɗina kun san da wa nake.

Ni ɗan kasuwa ne, sana'ata sayen riɗi da zoɓo a kasuwannin ƙauye ina haɗawa ina kai wa masu fitarwa waje, kuma ba al'adata ba ce in kashe kuɗi a kan yawon buɗe ido. Dalilin wannan tafiya shi ne lafiyar Hajiya, wadda ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa har ya kai ga sallah ma a zaune take yin ta. Likitan sashen gashin ƙashi ya shawarce ta da ta riƙa motsa jiki a cikin ruwan ɗumi, domin ruwa yana ɗauke wa gaɓoɓi nauyin jiki, ɗumin kuma yana sassauta jijiyoyi. Ana cikin haka tallanku ya iso mini ta WhatsApp, da hoton wani tafki shuɗi a bakin teku. A takardar da kuka ba ni, wadda har yanzu tana hannuna da hatiminku a jiki, an rubuta cewa wurin wanka ne na ruwan gishiri mai ɗumi da ke maganin ciwon gaɓoɓi, akwai ɓangaren mata na musamman, masaukinmu yana dab da wurin, kuma an riga an biya kuɗin shigarmu. Maganar ɓangaren mata na nanata ta a gaban ma'aikacinku, domin in babu shi babu tafiyar, shi kuwa ya dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, kada ka ji komai, mun sha kai iyalan manya." A kan wannan magana na biya, ban da yuro 90 na bizar Shengen, wato bizar shiga Sifaniya da wasu ƙasashen Turai, da aka karɓa a kan kowane babban mutum, da wahalar tara takardun banki da na inshora.

Matsala ta farko ta bayyana tun daren da muka sauka. Tenerife ita ce mafi girma a cikin tsibiran Kanari da ke Tekun Atlantika, yamma da gaɓar Maroko, kuma a tsakiyarta akwai dutsen Teide wanda tsayinsa ya haura mita 3,700, ya raba tsibirin gida biyu. Wurin wankan da kuka sa hotonsa, wato Lago Martiánez, yana garin Puerto de la Cruz ne a gaɓar arewa. Mu kuwa kun sauke mu a Los Cristianos, can ƙarshen kudu. Tsakanin garuruwan biyu akwai tafiyar kusan kilomita 100 a babbar hanya, domin dole mota ta zagaye dutsen. Ban san da wane ma'auni kamfaninku ya auna wannan nisa har ya kira shi "dab da wurin" ba. Duk wanda ya buɗe taswira a wayarsa zai ga haka cikin minti ɗaya, kuma wannan shi ne aikin da muka biya ku ku yi mana. Haka muka tashi da asuba muka nemi tashar korayen motocin safa na tsibirin, dattijuwa mai ciwon gwiwa tana dogara sanda, 'yarmu tana fassara mana allunan Sifaniyanci da wayarta, alhali an ce mana mai yi mana jagora zai tarye mu tun daga filin jirgi. Har muka bar ƙasar ba mu sa shi a ido ba.

A ƙofar wurin ne na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba a harkar kasuwanci. Na miƙa wa matar da ke tagar sayar da tikiti takardarku, ta karɓa da ladabi, ta duba gaba, ta juya baya, ta danna kwamfutarta, ta kira wani abokin aikinta shi ma ya duba. Daga nan ta rubuta a wayar 'yarmu cewa ba su da wata yarjejeniya da wannan kamfani, babu sunanmu a wajensu, kuma kowa a nan tagar yake sayen tikitinsa ya shiga. Layi ya taru a bayanmu, ni kuwa ina tsaye da babbar riga da hula riƙe da takardar da ba ta da daraja, kamar wanda ya zo neman shiga ta ɓarauniyar hanya. Na ciro kuɗi na biya. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne farashin da ke rubuce a allon ƙofar, domin da na lissafa shi da naira sai na ga abin da kuka karɓa a hannuna da sunan "kuɗin shiga wurin wanka" ya ninka shi sau da yawa. Ke nan kun tsawwala, sannan ko abin da kuka tsawwala ɗin ba ku kai inda ya kamata ba.

Adalci ya wajabta mini in faɗi cewa shi wurin ba shi da laifi ko kaɗan, kuma ban rubuto don in ɓata shi ba. Wuri ne na jama'a da ke ƙarƙashin hukumar garin, wanda mai zane César Manrique, ɗan tsibirin Lanzarote, ya tsara fasalinsa, aka buɗe babban tafkinsa a shekarar 1977. An gina shi a kan baƙin dutsen aman wuta a bakin teku, an shafe bangayensa da farin fenti, an dasa itatuwa dangin dabino da kwakwa, a tsakiyar babban tafkin kuma an yi ƙananan tsibirai da mabuɓɓugar ruwa mai feshi sama. Akwai wasu kututturan bishiyoyi da aka kafa a juye, saiwoyinsu suna kallon sama, waɗanda Hajiya ta tsaya tana duba har ta manta da gwiwarta na ɗan lokaci. Hikimar ginin a fili take, domin tekun arewacin tsibirin yana da igiyar ruwa mai ƙarfi, muna gani tana dukan katanga tana tashi fari fat, saboda haka aka janyo ruwan tekun zuwa cikin tafkuna inda yaro da tsoho za su yi iyo ba tare da fargabar igiya ta ja su ba. Wurin tsaf yake, ma'aikatan ceto suna zaune a kujerunsu, babu wanda ya yi mana kallon banza. Abin da suke da shi suka sayar mana. Ku ne kuka sayar mana da abin da babu.

Ruwan da kuka ce mai ɗumi ne, a tafkin da Hajiya ta gwada ruwan teku ne yadda Allah Ya halicce shi, babu ɗumi a cikinsa. Tsibiran Kanari suna kan hanyar wani sanyayyen ruwa da ke gangarowa daga arewacin Atlantika, shi ya sa a watan Fabrairu zafin ruwan tekun bai cika wuce digiri 18 zuwa 19 ba, ko a ƙarshen bazararsu ma da ƙyar yake kaiwa 24. Tafkunan da asibitoci ke amfani da su wajen gashin gaɓoɓi kuwa sama da digiri 30 ake riƙe su. Ƙari a kan haka, iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas tana tara gajimare a gefen dutsen da Puerto de la Cruz yake, don haka arewacin tsibirin ya fi kudancinsa lumshi da sanyi, kuma ranar da muka je rana ba ta fito sosai ba sai bayan azahar. Hajiya ta samu wani lungu ta zauna a bakin ƙaramin tafki, ta cire safa, ta tattare zanenta kaɗan, ta zura ƙafa ɗaya. Ba ta yi minti ɗaya ba ta janye tana salati, ta ce ko ruwan randa da asubahin hunturu bai kai wannan ba. Da ƙafar ta bushe sai ga gishiri ya yi fari a kan fatar, domin kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri. Iyakar "maganin" da ta samu ke nan, kuma a daren sai da 'yarmu ta gasa mata gwiwar da tawul da ruwan zafi saboda doguwar tafiyar mota da sanyin da ya shige ta. Ina so in san wane likita ne ya tabbatar wa kamfaninku cewa wannan ruwa yana warkar da ciwon gaɓoɓi, tunda mutanen wurin da kansu ba su yi wannan da'awar ba a ko'ina, wurin shaƙatawa da iyo kawai suka kira shi.

Sai maganar da ta fi kowace nauyi a wajena. Babu ɓangaren mata. Abin da aka ware wa mata shi ne bayi da ɗakin sauya kaya, amma tafkunan da filin da ke kewaye da su na kowa da kowa ne, maza da mata a cakuɗe, cikin irin shigar da Turawa ke yi a bakin ruwa. Ƙasarsu ce kuma al'adarsu ce, ban je can don in gyara musu zama ba. Amma ku Musulmi ne, Hausawa, a Kano ofishinku yake, kun san abin da ake nufi idan magidanci ya tambaya ko akwai wurin mata, kun kuma san ba tambayar wasa ba ce. Kun sa na ɗauki matata da 'yata budurwa na kai su inda suka wuni a takure cikin hijabi, idanunsu a ƙasa, ni ma ban san inda zan sa nawa ba. Da ma'aikacinku ya ce mini bai sani ba, da na gode masa na nemi wata hanya, ko na kai ta wani asibiti a Masar ko a nan gida. Amma ya gwammace ya ba ni tabbacin abin da bai taɓa gani ba, don kada ciniki ya kuɓuce.

Daga bakin tafkin na kira lambar da kuka ce ta gaggawa ce, wadda aka ce tana aiki dare da rana. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, daga baya ma aka kashe ta. Saƙon da na tura ya nuna an karanta, amsa kuwa ba ta zo ba sai da muka dawo gida, inda aka rubuto mini cewa "wakilinmu na can ne ya ba mu matsala." Ranka ya daɗe, ban san wakilinku ba, ban ƙulla komai da shi ba. A asusun kamfaninku na zuba kuɗi, rasit ɗinku ne a hannuna. Idan na sayar wa mutum buhun riɗi ya buɗe ya tarar da yashi a ƙasa, ba zan ce masa ya je ya nemi manomin ba, ni zan biya, in ya so daga baya in bi manomin. A shari'armu ma haka abin yake, wanda ya sayi abu bisa wata siffa da aka sharɗanta masa, ya tarar babu ita, yana da haƙƙin a mayar masa da kuɗinsa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Dokar ƙasa ta kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, ita ma ta hana yi wa mai saye bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa game da kaya ko aiki.

Ba na neman kuɗin jirgi, domin jirgi ya kai mu ya dawo da mu lafiya, masaukin ma ba shi da aibu in ban da inda yake. Abin da nake nema shi ne ku mayar mini da kuɗin shiga wurin wankan da kuka karɓa ba ku biya ba, da kuɗin mai jagoran da bai zo ba, da abin da na kashe a mota tsakanin kudu da arewa, kuma duk rasit ɗin suna nan na adana. Ina kuma neman takardar ban haƙuri da sunan Hajiya, domin ita aka fi cutarwa, ita ce kuma ta yi ta amsa tambayar matan unguwa da suka zo yi mata barka da dawowa suna son jin ko ƙafa ta warke. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne tallan nan, wanda na ga har makon jiya yana yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwar Gumel da Maigatari, da hoton nan da kalaman nan ba a sauya ko harafi ba. Wani abokin sana'ata ya riga ya tambaye ni ko ya kai mahaifiyarsa, na ce masa ya dakata. Ku janye shi, ko ku gyara shi ku rubuta gaskiya: ruwan teku ne mai sanyi, wurin na maza da mata ne a haɗe, tikiti a ƙofa ake saye, kuma ba asibiti ba ne. Mai son zuwa a kan haka ya je da idonsa a buɗe.

Ina jiran amsarku a rubuce kafin ƙarshen wannan wata. Idan wa'adin ya cika ban ji daga gare ku ba, zan miƙa kwafin takardar yarjejeniyar da rasit da hotunan saƙonninmu ga hukumar FCCPC da ƙungiyar kamfanonin shirya tafiye-tafiye ta ƙasa, wato NANTA, kuma a lokacin zan sake fitar da wannan wasiƙa da cikakken sunan kamfaninku da adireshinsa. Lambar wayata tana cikin fayil ɗina a ofishinku.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan kasuwar riɗi da zoɓo,
Ƙaramar Hukumar Maigatari, Jihar Jigawa.