Sanarwa: Zama kan ƙarar injin motocinmu

Assalamu alaikum ƴan uwa direbobi, da fatan an sauka lafiya.

Ranar Asabar mai zuwa bayan La'asar za mu haɗu a rumfar tasha. Bakanike zai zo ya saurari injin kowa. Yawancin Golf da Sharon ɗinmu sun haura kilomita 300,000, kuma gardamar “gyara ko haƙuri” ta yi yawa a rukunin nan.

Ba kowace ƙara ce ta tayar da hankali ba. Ƙas-ƙas ɗin tafet (ƙananan ƙarafan da ke tura bawul ɗin inji) da safe, wanda ke lafawa in inji ya yi zafi, ana iya tafiya da shi, a dai riƙa juyen baƙin mai kan lokaci. Kukan fanbel kuwa gyaransa ba tsada.

Amma ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, tana ƙaruwa in ka taka totur, balle fitilar mai ta kawo ja, wannan metal ne, wato boris ɗin da ke gindin sandar fistin, ya cinye. Kashe motar nan take, don Allah. In aka matsa, sandar fistin na iya fasa bulok, sai sayen wani inji. Masu zuba mai mai kauri don su rufe bakin ƙarar, ɓoye ciwo kawai suke yi, kuma da fasinja a baya.

Kowa ya zo da motarsa da wuri don injin ya huce, ya tuno yaushe ya canja tayimin bel. Kuɗin bakanike ₦1,000 ne kowace mota, a ba ma'aji kafin Juma'a.

Allah Ya tsare hanya, Ya ba da kasuwa.

Naku, Sakatare