Rahoton kwamiti kan gyaran tsohon ginin firamarenmu

Assalamu alaikum. Aikin da jama'ar gari suka ɗora mana ya kammala, yara sun koma azuzuwansu uku, sun bar gindin darbejiya.

Kowa ya san yadda iskar farkon damina ta yaye rufin. Da muka hau da kafinta, mun tarar gara ta cinye katakon, sai ka sa yatsa ya burma, silin kuma ya cika da kashin jemagu. Wasunmu sun so a rushe a tayar da sabo. Birkila ne ya hana. Ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da guduma, ya tona gefen harsashi har gwiwa, ya miƙe ya ce wa shugabanmu, "Ranka ya daɗe, wannan bulon ba irin na yanzu ba ne. Ku bar mini shi." Tsaga biyu kawai ya ɗinke.

Wurin kankare tsohon fenti aka ci karo da rubutu a jikin siminti kusa da ƙofa: 1980. Wani tsohon malami da ya koyar a ajin ya ce ai zamanin Shehu Kangiwa ne. Sai wani saurayi cikin masu kwaɓa siminti ya ce, "Baba, wane ne shi?" Tambayar ta dame mu, don a ƙasar Arewa ta Jihar Kebbi muke, ƙasar mutumin.

To, ga amsa, domin shi da ire-irensa. Alhaji Shehu Kangiwa shi ne zaɓaɓɓen gwamnan farar hula na farko a tsohuwar Jihar Sakkwato. Ya hau a watan Oktoba na 1979 a jam'iyyar NPN, lokacin da Alhaji Shehu Shagari ya zama shugaban ƙasa. Jihar da ya riƙe ba ƙarama ba ce: Sakkwato da Kebbi da Zamfara na yau duk a hannunsa suke, tun daga iyakar Nijar har Gusau, don sai a 1991 aka cire Kebbi, Zamfara kuma a 1996. Wa'adinsa bai cika ba. A watan Nuwamba na 1981 ya faɗo daga kan doki wurin wasan folo a Kaduna, Allah ya karɓi abinsa. Mataimakinsa, Dakta Garba Nadama, mutumin Gusau, ya gaje shi, ya riƙe har sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Biyu a ƙarshen Disamba 1983. Shekara biyu da 'yan kai ke nan Kangiwa ya yi, amma dattawanmu har yau fara'arsa suke fara ambata.

Saboda haka muka bar wurin rubutun ba shafe, aka zagaye shi da farin fenti. Hedimasta ya ɗau nauyin ba yara labarin.

Sauran aikin: an sa sabon katako, an jiƙa shi da baƙin mai saboda gara, an buga kwano da silin, an sake daɓe, an gyara tagogi. Yashi da ruwa gayya ce ta kawo su. Masu amalanke ba su karɓi ko sisi ba, mata kuma suka riƙa aiko da fura.

Akwai inda muka yi sake, ba za mu ɓoye ba. Kwanon farko da aka kawo shara-shara ne, ba irin wanda muka biya ba, kuma mun sa hannu ba mu kwance bandir ɗin ba. Mako biyu muna kai-kawo kafin a canza mana, kuɗin mota ya hau kanmu.

Lissafin shige da fice yana hannun ma'aji, za a karanta shi ƙofar mai gari ranar Juma'a bayan sallah. Abin da ya rage bencina ne. 'Yan aji ɗaya a tabarma suke zaune.