Wasiƙa daga Witbi

Assalamu alaikum, aminiyata.

Ina fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara. Ki gaida min Hajiya da kyau.

Ranar Asabar na je Witbi, wani ɗan garin masunta a bakin teku, can arewa maso gabashin Ingila. Kwaɗayin kifi ya kai ni, amma wani baƙin dutse da suke kira jet ya cinye min yinin. Na ce dutse, alhali asalinsa itace ne da taɓon teku ya binne shekara wajen miliyan 180, har ya ƙame.

A wani shagon tsofaffin kaya, mai shagon ya ɗora min wani abin maƙalawa a ƙirji na jet a tafin hannu. Wallahi kamar ban riƙe komai ba. Ba nauyi, ba sanyi irin na gilashi, ga furanni an sassaƙa tsaf. Ina juya bayansa sai ga gashin mutum an yi masa ɗan kitso, an rufe da gilashi. Gashin mamaci ne, ƙawata! Tsigar jikina ta tashi, na ajiye masa abinsa.

Ashe kayan takaba ne. Mu mace ta ajiye ado wata 4 da kwana 10, su kuwa makokin ma da adonsa. Da Yarima Albat ya rasu a Disamban 1861, matarsa Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta shiga baƙaƙen kaya, ba ta daina sa su ba har ta bi shi a 1901. Matan fada suka kama jet, na gari suka bi sahu: sarƙa, 'yan kunne, awarwaro. Kafin ka ce kwabo, a shekarun 1870 fiye da mutum 1,000 na cin abinci da sassaƙarsa a wannan ɗan garin. Sai 'yan jabu suka shigo da baƙin gilashi da taurarriyar roba, aka kuma riƙa kawo wani mai saurin tsagewa daga Sifen. Yayi ya wuce, kasuwa ta mutu.

Mai shagon ya ce in an goga na gaske a kan tangaram marar sheƙi, layi yake bari ruwan ƙasa.

Na sayo miki 'yan kunne. Kwantar da hankalinki, sababbi ne, ba gashin kowa a jiki.

Taki har kullum,
ƙawarki.