Barka da Kirsimeti Daga Inda Rana Ke Faɗuwa da Wuri

Baba da Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanmu da Kirsimeti. Ina fata kuna lafiya, ku da ƙannena da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau nake, sai dai sanyi da kewarku.

Wannan ce Kirsimeti ta uku da na yi a Ingila, amma har yau jikina bai saba da ranar garin nan ba. A Landan a kwanakin nan na Kirsimeti sai ƙarfe 8 na safe ta gota rana ke leƙowa, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma ta faɗi. Wunin duka bai cika awa 8 ba. A watan Yuni kuwa ƙarfe 9 na dare za ta yi gari tangararan. Agogo ma bai tsira ba: Lahadin ƙarshe ta Oktoba a mai da shi baya da awa ɗaya, ta ƙarshen Maris a tura shi gaba.

Baba, kun tuna ayar da kuke sa mu maimaitawa, Yaƙub 1:17, inda aka kira Allah Uban haskoki wanda ba ya sākewa, ba shi da ko inuwar juyawa? Haddar aku na yi mata. Sai da na zo nan na ga rana da idona tana gajarta wuni tana tsawaita shi, na gane cewa Yaƙub rana da wata da taurari yake nunawa. Su suna juyawa, wanda ya rataye su bai taɓa gusawa ba.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ne na sāke. Aikin dare ya cinye mini addu'ar safe, Lahadi da yawa barci ya hana ni zuwa sujada, har na fara jin kunyar buɗe Littafi Mai Tsarki, kamar mai cin bashi da ke kauce wa ƙofar mai shi. Abin da ya dawo da ni Malakai 3:6 ce. Duk mun san farkonta, cewa Ubangiji ba ya sākewa, amma ƙarshenta muke tsallakewa: shi ya sa 'ya'yan Yakubu ba su ƙare ba. Ku duba su wa ake gaya wa wannan magana. Mutanen da suka komo daga bauta a Babila, aka sāke gina Haikali, sai suka koma kawo makafin dabbobi da guragu hadaya, suna riƙe zakka. Ba riƙon amanarsu ne ya tsirar da su ba, nasa ne. A daren nan na durƙusa da takalmin aiki a ƙafata.

Wani abokin aikina ya tambaye ni, in Allah ba ya sākewa, yaya ya zama jariri a komin dabbobi? Tambayar tana da nauyi, don Luka 2:52 ta ce Yesu ya yi ta girma cikin hikima da tsayi. Na ce masa tun a taron shugabannin Kirista da aka yi a garin Nikiya a shekarar 325 ikilisiya ta ƙi koyarwar masu cewa Ɗan Allah mai sākewa ne. Bai ajiye allahntakarsa ba, jikinmu ya ɗauka a kai. Jikin ne ya yi girma, ya gaji, ya ji yunwa. Bai gamsu sosai ba, amma ya ce za mu ci gaba da maganar.

Mama, na san bana wurin zaman Kaka fili ne, kuma ku ne za ku fi kowa jin hakan. Ban zo jana'iza ba, abin yana cina har yanzu. Ku sa auta ta karanta muku Makoki 3:22-23. A kan kangon Urushalima aka rubuta cewa jinƙan Ubangiji sabo ne kowace safiya.

Zan kira ku ta bidiyo in kun taso daga sujada, don Allah a yi cajin waya tun dare. A gaishe mini da Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, a ce mata saƙonta ya iso.

Ni ne ɗanku mai ƙaunarku.