Zuwa ga aminina na Fatakwal, kan yaronka da littafin Shaihu Umar

Assalamu alaikum mutumina,

Ina gajiya, ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Sakkwato lahiya lau, sai rana da ke gasa mu kamar yadda ka sani.

Na ga saƙonka na WhatsApp kan babban yaronka, wai ka sai mai Shaihu Umar ya karanta 'yan shafuka ya aje don kalmomin sun yi mai tsauri, kai kuma kana shirin zama ka rubuta mai jerin kalmomi da ma'anarsu ya hardace kamin ya ci gaba. Don Allah kada ka yi mai haka. Yaron da ya tashi cikin Turanci da burokin in ka haɗa shi da hadda tun bai ji daɗin labarin ba, wallahi ya bar littafin ke nan har abada.

Ni a ganina Hausar Abubakar Tafawa Ɓalewa ba ta da wuya ko kaɗan, a miƙe take. Duniyar da ke cikin littafin ce ta ɓace muna. Ka tuna littafin ya fito ne daga gasar da anka yi 1933 ƙarƙashin Baturen nan Rupert East a Zariya, anka buga shi 1934 tare da su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, to lokacin nan shekara talatin ke nan kacal da Turawa sunka ci Sakkwato a 1903, ma'ana wanda ke karatu ubanshi ya ga ayari da idonshi, wataƙila ma kakarshi kamo ta anka yi wurin hari. Babu wanda ke buƙatar a yi mai bayanin madugu ko zango. Yau kuwa ka ce ma yaro zango sai ya ɗauka zangon karatu kake nufi.

Ga yadda muke yi da ɗiyata ta aji ukun sakandare. Bayan isha'i ita ke karantawa da ƙarfi ina saurare, in ta ci karo da kalmar da ba ta sani ba ta ja mata layi da fensir ta wuce, ba mu tsayawa, sai mun kai ƙarshen babi sannan in ce to malama mi kike tsammani wannan ke nufi? Mafi yawa tana cankowa daga yadda labarin ke tafiya. Na Larabci da addini kuwa ba su ba ta matsala, islamiyya ta riga ta yi muna aikin. Waɗanda sunka gagara su muke kai ma ƙamus.

Maganar ƙamus, ka nemi Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, shi Hausa zuwa Hausa ne. Na Bargery, wanda shi ma 1934 ya fito, ya fi shi zurfi wajen tsofaffin kalmomi, har yana nuna ma wadda ta Sakkwato ce da wadda ta Katsina ce, kuma akwai shi a intanet, sai dai bayaninshi da Turanci ne, Turancin ma na da. Amma ga naka yaron wataƙila wannan ya fi mai sauƙi, ka gwada ka gani.

Inda munka fi ƙaruwa dai ba ƙamus ba ne. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu nan Runjin Sambo, mahaifinshi bafatake ne, ya yi Gwanja sayen goro. Na kai ta gaishe shi ta tambaye shi madugu, kai mutumina sai da munka yi da gaske kamin ya sallame mu! Ya ce madugu shi ne uban tafiya, shi ka shirya da sarakunan hanya kan kuɗin fito, jagaba shina gaba don shi ya san hanya da mashaya, uban dawaki kuma shi ke kula da sauka da tattara abin da za a biya, ga malamin ayari mai duba ranar tashi da riƙe lissafi. Daga nan ya gangara kan kuɗin wuri, wuri dubu shi ne zambar, zambar ashirin kuma keso guda. Da munka dawo ta sake karanta wurin da Abdulkarim, Balaraben da ya ɗauki Umar, zai ƙetare hamada da shi, sai na ji muryarta ta canza, ta san mutanen da ke cikin ayarin yanzu. Da ta kai inda uwar Umar ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa bauta, ba su haɗu ba sai Tarabulus tana gab da rasuwa, ɗiyar tawa kuka ta yi sosai, uwarta na ta yi min faɗa wai na sa yarinya kuka da dare.

Kai ma ba ka rasa irin wannan dattijon can, ka duba cikin 'yan goro ko 'yan kara bayan sallar Juma'a. Kayan yaƙi da na fada irin su lifidi da sulke da kwalkwali kuwa, buɗe mai bidiyon hawan salla a YouTube ka nuna mai da yatsa, ya fi dogon bayani.

In akwai kalmomin da sunka gagare ku, ɗauko hoton shafin ka turo, in kai ma tsohon in yi maka rikodin ɗin muryarshi. Ƙamusun kuma in ba ka samu can ba ka gaya min in neme shi in ba direbobin da ke sauko da albasa.

Ka gaida uwargida da yara, su Inna na gaishe ka, suna tambaya ko bana za ka zo babbar salla.

Naka,
Amininka na Runjin Sambo