Sallar da na yi a kujerar baya

Napoli, ƙasar Italiya, daren Babbar Sallah

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna da duk mutanen gida. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga iyaye, ina yi muku barka da Sallah, Allah Ya karɓi ibada, Ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Auta, kai za ka karanta wa Inna, to ka bi sannu a hankali, ban da tsallake, na san halinka.

Na ga hoton ragon. Kawu ya iya zaɓe, ko da yake ƙahon ya fi cinyar cika ido. Nan ba a yanka a gida, sai a mayankar da hukuma ta yarda da ita, shi ya sa na fi son kuɗin ya zo wurinku, jini ya zuba a ƙofar gidanmu, maƙwabta su samu rabonsu. Inna, ki ba Goggo kasona na hanta.

Baba, gara ku ji daga bakina kafin ku gani a hoto: yau na kashe Yuro 80 a yawon buɗe ido. Na san abin da za ku ce idan Auta ya lissafa muku a naira. Ku yi min uzuri ku ji ƙarshen magana.

Shekara shida ke nan ina wanke motoci a garejin kamfanin nan mai ba da hayar mota da direbanta. Baƙaƙen Marsandi ne, dogaye, masu gilashi mai duhu. Kullum da safe su ɗebi Amurkawa da Japanawa da Larabawa su kai su ƙauyukan bakin teku na yankin Amalfi, da yamma su dawo min da su. Ta shararsu na san garuruwan nan. In na ga rairayi mai duhu a ƙarƙashin kujera, na san an sauka a Positano. In na ga tikitin shiga lambu, an hau Ravello. Ƙanshin lemo kuwa ya kama kujerun har sabulu ba ya fitar da shi. Amma ƙafata ba ta taɓa taka ko ɗaya ba, alhali tafiyar ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba.

Shekaranjiya wasu baƙi suka fasa tafiya. Dattijon direbanmu, wanda ya fi kowa daɗewa a kamfanin, ya ce min tunda jibi idinku ne kuma mota za ta wuni a banza, ka nemo abokanka in roƙa muku ragi. Muka yi karo-karo mu huɗu: ni, da Bazazzagin da muke ɗaki ɗaya, da wani ɗan Damagaram, da wani ɗan Zangon Kumasi.

Mun yi Idi a filin gaban babbar tashar jirgin ƙasa, Piazza Garibaldi, tare da 'yan Bangaladash da Sanigal da Maroko. Muna sallamewa na hango motar a bakin titi, tana ƙyalli, ni na goge ta jiya da hannuna. Dattijon ya fito cikin kwat da lakataye, ya zagayo ya buɗe min ƙofa, har da ɗan rusunawa. Mutumin da kullum yake jefo min makulli daga nesa yana cewa in kula da taya! Na ɗauka zolaya ce, na yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce wanda ya biya, baƙo ne har yamma. Na tattare babbar rigata, shaddar nan da Yaya ya aiko min bara, na shige. Sai na rasa inda zan ajiye hannuna.

Mun bi babbar hanya, dutsen Vesuvio yana hagunmu, wanda ya yi aman wuta ya binne garin Pompei a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa, rabonsa da tashi tun 1944, mutane kuwa sun cika gindinsa da gidaje kamar ba su ji labari ba. Daga nan muka haura tsauni muka gangara ɗaya ɓarin, teku ya buɗe a gabanmu.

Baba, wannan hanya sai an gani. Tsawonta kusan kilomita 50, a jikin dutse aka sassaƙe ta, dama rami ne har ruwa, hagu bango. Kwana na bin kwana, wata ma sai an kafa madubi kafin direba ya ga mai zuwa. Idan bas biyu suka yi kiciɓis, sai ɗaya ta ja da baya, madubin gefe a naɗe. Nan na gane abin da attajiran suke biya, ba sanyin mota ba ne, hannun direba ne. Dattijon yana jin hon ɗin bas tun kafin kwana sai ya lafe a gefe, kamar ya san inda za su haɗu. Ya ce idan zafi ya kankama, akwai ranakun da ake raba motoci da lamba, masu ƙarewa da mara yau, masu cika gobe, amma irin tasu ta haya ba ta cikin dokar. Bazazzagi bai ji komai a bayanin ba, salati yake ta yi, idonsa a rufe.

Positano ba mu daɗe ba. Gidaje ne kan gidaje, masu launi iri-iri, rufin wannan shi ne ƙofar wancan, garin duk matakala. Inna, gwiwarki ba za ta yarda da shi ba. Kyau akwai, amma tsada ta hana sakewa, kuma Turawa suka dame mu da neman hoto saboda hulunanmu. A hanya dattijon yana nuna mana tsofaffin hasumiyoyin tsaro a kan duwatsu, ya ce an gina su ne don hango jiragen 'yan fashin Saraceni, wato Musulmin Arewacin Afirka da Turkawa. Sai ya tuna su wa ya ɗauko, ya leƙo mu ta madubi. Ɗan Kumasi ya ce ka kwantar da hankalinka, yau a mota muka zo, kuma mun biya.

Amalfi ce ta riƙe ni. Yanzu ɗan ƙaramin gari ne, mutanensa wajen 5,000, amma tun shekara ta 839 ya ci gashin kansa, jiragensa suna fatauci har Masar da Tunis da Santambul. Kuɗin zinariyar da suka buga, mai suna tari, kwaikwayon na Larabawa ne har da rubutun. A 1343 teku ya yi ambaliya ya rushe musu tashar jiragen. Babbar majami'arsu tana kan matakala 62, na tsaya daga ƙasa na kalli bakunanta masu ratsin fari da baƙi, sai ka ce wani masallaci a hoton kalanda.

Can cikin kwari, bayan kasuwa, akwai tsohuwar masana'antar takarda da aka mayar gidan tarihi. Daga Larabawa sana'ar ta zo musu. Baba, ashe da tsumma ake yi. A yayyanka tsofaffin kayan auduga da lilin, a zuba a turame na dutse, ruwan rafi ya juya ƙafa, ƙafar ta ɗaga manyan taɓare na itace suna daka har ya zama kamar kunu. Sai a tsoma wani faranti mai raga kamar rariya, a ɗago, ruwa ya tsiyaye, a kife a kan bargo, a matse, a shanya. Mai yi mana bayani ya ɗaga takarda ɗaya saitin fitila, sai ga tambari a cikin jikinta, wanda ba tawada ta yi shi ba, zanen waya ne da ke kan ragar.

Gabana ya faɗi. Na tuna ranar da kuka kwance gafakar Malam, Allah Ya jiƙansa, ina yaro, kuka ɗaga warƙa ɗaya a bakin zaure kuka nuna min jinjirin wata uku a jere, kuka ce takardar Tarabulus ce. Na tambayi mutumin. Ya ce mai wata uku ba tasu ba ce, ta arewacin Italiya ce, wajen Benis, don kasuwar ƙasashen Musulmi aka riƙa yin ta. Wato takardar da kakana ya rubuta Ishiriniya a kanta daga ƙasar nan ta tashi, ta haye teku zuwa Tarabulus, raƙuma suka ratsa Sahara da ita har kasuwar Kurmi. Ni kuma na biyo sawunta a juye. Na sayi warƙa biyar, masu kauri, suna shan tawada. In mai zuwa gida ya samu zan ba shi, ku rubuta min abin da kuka ga dama.

Abinci kam namu muka ci. An yi ta miƙo mana wani abin sha na lemo a ƙananan kofuna, giya ce, muka ce mun gode. Ɗan Kumasi ya zo da kular shinkafa da wake, wanda su can suke kira wace, ya so buɗewa a mota. Ni na hana. Duk wanda ya dawo daga bakin ruwa kuma sai na sa ya kakkaɓe takalmi. Suka ce yau kai baƙo ne. Na ce gobe fa?

Ravello tana sama, mita 350 da wani abu daga teku, ana ratsa gonakin lemo kafin a kai. Gonakin hawa-hawa ne a jikin dutse, an tokare ƙasa da jeren duwatsu, an yi wa bishiyoyin rumfa da sanduna, lemon kuwa wani ya kai ƙwan jimina rabi. A baya ake sauko da shi, kwando-kwando, don ba inda jaki mai amalanke zai bi. Mun yi Azahar a gefen wurin ajiye motoci, dattijon ya tsaya mana kamar dogari.

Daga can sama Bahar Rum shuɗi ne shar, a kwance lumui, jiragen masu kuɗi kamar an watsa farar shinkafa. Muna ta ɗaukar hoto, sai na lura ɗan Damagaram ya juya wa ruwan baya, yana kallon bango. Shi ta Libiya ya zo, a kwalekwalen roba. Can gabas inda gaɓar ta lanƙwasa Salerno ce, inda a watan Nuwamba na 2017 aka sauke gawarwakin 'yan mata 26 na Najeriya da aka tsamo daga tekun nan, a garin aka binne su. Bai ce komai ba, mu ma ba mu tambaye shi ba. Da muka koma mota ya zauna ɓarin dutse. Auta, maganar biyo hanyar Libiya da ka yi min a waya ran nan, amsata tana nan yadda take, kuma kada ka tsallake wannan layin.

Mun dawo ta kan tsauni, ba ta bakin teku ba, muka iso bayan Magariba. Dattijon ya sake buɗe min ƙofa, na fito, ya miƙo min makulli a hannu, ya ce gobe ƙarfe shida, akwai 'yan Kanada takwas.

Yaya damina? An ce ruwa ya sauka sau biyu, kun yi shuka ko kuna jiran na uku? A gaida Kawu da Goggo da Yaya da amaryarsa, da Liman, da yaran gida kowa da sunansa. Goron Sallarsu yana cikin abin da na turo, Inna ce mai rabo, ba Auta ba.

Baba, don Allah gobe da hantsi ku sa a ciro gafakar nan, a ɗaga warƙa ɗaya saitin rana, Auta ya ɗauko min hoton watannin. Ina so in nuna wa dattijon.

Wassalam.
Ɗanku na Napoli.